Tsarabar Saje Mika

Alhamis, 9 Nuwamba 2006

Uwar Fada Andarawus ta iso yau daga Poland. Ina zaton zan ga gandamemiyar mace irin ɗanta, sai ga 'yar tsohuwa ta fito daga mota, tsawonta bai wuce kafaɗata ba, da ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa. Sunanta Yanina. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ashe akwai Baturen da ba ya jin Turanci. Shekara tara ina dafa wa Fada abinci, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Da mu za ta yi Kirsimeti, ta koma a Janairu. Fada ya ce, "Mama Larai, ga uwata na ba ki." Na tambaye shi da wane baki za mu yi magana, ya ce mata ba sa rasa hanya.

Ni dai na riga na ƙudura abu ɗaya. Ɗana Filimon zai zo hutu wata mai zuwa kafin bataliyarsu ta tafi Darfur. Hannun da ya raini Fada, shi nake so a kan autana kafin ya tafi. Yayansa Ishaya cikin gaggawa aka kwashe su zuwa Saliyo, ba wanda ya ɗora masa hannu, bai kuwa dawo ba. Fada yana cewa Allah ba ya aiki haka. Shi dai ya faɗa.

Asabar, 11 Nuwamba

Burodi ya faɗi ƙasa a kicin, ta ɗauka ta sumbace shi. Na je gyara mata gado, na tarar da ɓawon burodi a ƙarƙashin filo, naɗe cikin hankici, kiyashi har sun kafa gari. Ga abinci kuwa cike da gida. Me take ɓoye wa? Ko tana ganin ni zan cinye?

Talata, 14 Nuwamba

Baba Ladan, shugaban tsofaffin sojoji na cocinmu, ya same ni a bayan kicin. Wai ba zai yiwu uwar Fada ta zo Zuru a tarbe ta da kaza da rawar zumuntar mata kawai ba, kamar garin da ba maza. Za su yi mata fareti ran Asabar da sassafe, da kaki da begila da komai, su tashe ta kamar yadda ake tashin janar. Fada zai tafi Bena ran Juma'a ya kwana, don haka kada kowa ya gaya masa, ya dawo ya ji labari ya yi murna.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Na ce ni zan buɗe musu ƙofar gida. Har na ciro lambobin maigidana marigayi Saje Mika na goge su, zan maƙala a zanina, tunda shi ba ya nan balle ya yi maci.

Asabar, 18 Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Sun zo gari bai gama wayewa ba. Kakin wasu ya matse ciki, na wasu ya yi musu yawa, amma takalma kam sun sha gugar duniya. Suka jeru a gaban ɗakinta. Aka busa begila, aka buga ƙafa har tagogi suka amsa. Baba Ladan ya taka gaba ya ƙwanƙwasa ƙofar da sandar faretinsa, ya daka tsawar nan tasu ta soja. Ni ina gefe ina washe baki.

Shiru. Ya sake bugawa. Shiru.

Na ji tsoro ko wani abu ya same ta, na ɗauko ɗaya makullin na buɗe. Tana zaune a bakin gado. Ta sa rigarta, ta sa ta sanyi a kai, ta ɗaura ɗankwali, ta sa takalmi. 'Yar jakarta tana kan cinya, carbi a hannu, hankicin burodin nan ya leƙo daga aljihu. Ba kuka take ba, ba ihu. Ta shirya ne kawai, kamar mai jiran a ce ta fito. Ta dube ni, ta dubi lambobin da ke ƙirjina, irin duban da ake yi wa wanda ya nuna wa ɓarayi hanya.

Na fito na ce su tafi. Baba Ladan ya tsaya da sandarsa a hammata yana cewa, "Mi munka yi mata, matar Saje? Ko faretin ne bai yi kyau ba?" Tsohon nan har idonsa ya kawo ruwa. Kwana uku yana guge kakin nan da gawayi.

Ba ta ci komai ba yau. Ni ma haushi ya hana ni ci. A garin nan gidan da ba soja sai an nema. Ko gwamna ya zo ba lallai su fito masa haka ba.

Lahadi, 19 Nuwamba

Fada ya dawo, ya ji, ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan an tashi daga Mas a coci ya zaunar da ni. Ya ce tana da shekara goma sha ɗaya Jamusawa suka ci ƙasarsu. Ba wucewa suka yi ba, zama suka yi suna mulki, da gwamnansu da alƙalansu da 'yan sandansu. Wata safiya aka buga ƙofarsu da gindin bindiga, aka tafi da babanta aikin dole a Jamus. Daga ranar uwarsu ta koya musu kwana da kaya a kusa, da burodi a aljihu. Uban bai dawo ba.

Na ce ai waɗancan Jamusawa ne, waɗannan kuwa su Baba Ladan ne, mutumin da ko kazar maƙwabci ba ya iya kora. Fada ya ce daga cikin ɗaki takalmi duk ƙara ɗaya yake yi.

Na kwana da maganar. Ni duk rayuwata daga wajen ƙofa nake jin ƙarar takalmin nan. Idan na ji ta, albashi ya zo, ko maigida ya dawo.

Laraba, 22 Nuwamba

Ba ta kallona. Na kai abinci, ta ce wata kalma mai kama da atishawa, wai na gode ke nan.

Juma'a, 24 Nuwamba

Ba wuta, mai injin niƙa kuma ya ce ba shi da mai. Sai na jawo dutsen niƙan da ke bayan kicin, wanda na gada wurin tsohuwar kukun da na canza, na durƙusa da dawata. Ban yi nisa ba sai ga ta a bakin ƙofa. Ta shigo da sauri ta rufe ƙofar, ta rufe taga, ta ɗora yatsa a baki. Sai kuma ta tuna inda take, ta kama dariya har tana riƙe ciki. Ni ma na kama.

Ta ture ni ta durƙusa. Ba ta iya namu ba, nasu wai zagaye ne da mariƙi, ta nuna mini da hannu yadda ake juya shi. Amma ta ninke buhu ta cusa a ƙarƙashin dutsen, ƙarar kuwa ta ragu sosai. Wa ya koya wa Baturiya wannan dabara?

Da rana na tsare Fada, cokali a hannunsa, na ce sai ya tambayar mini. Wai Jamusawa sun hana niƙa a gida. Duk hatsi sai an auna an kai musu rabonsu, wanda aka kama da dutsen niƙa ya shiga uku. Uwarta a ƙarƙashin gado take ɓoye nasu. Kuma wai ba su ne farau ba. A yaƙin da ya gabaci wannan, lokacin uwarta tana budurwa, sojojin Sarkin Jamus da na Sarkin Ostiriya sun zauna musu, su kuma ɗaure duwatsun suke yi da waya su manna darma, kada a taɓa. Kafin su, Rashawa. Ƙasar tasu manyan sarakuna uku ne suka taɓa raba ta kamar naman watanda.

Mutum ya taso daga wata ƙasa da bindiga da igwa, ya zo ya ƙare a kan dutsen niƙan tsohuwa. Wannan abu da ban mamaki yake.

Talata, 28 Nuwamba

Yau na ji wadda ta fi. Aladu ma sai da suka sa musu 'yan kunne. Kowane alade da kowace saniya da lamba a kunne, an rubuta a ofis. Ka yanka naka ba izini, kai ma ka tafi. Na tuna aladun Magdalene maƙwabciyata, na ce ina ma a zo a gwada sa wa baƙin nan nata ɗan kunne mu sha kallo. Fada ya fassara, tsohuwa ta yi dariya har da tari. Ta ce su ma sukan cire ɗan kunnen daga babban alade su maƙala wa ƙarami, shekara ta zagayo ofis yana ganin aladen gidansu bai girma ba.

Tambayoyi sun cika mini kai. Wa yake dafa wa sojojin? Matansu sun biyo su bariki kamar yadda muka bi namu Kaduna da Inugu? Suna zuwa coci? Ta ce wasu suna zuwa, su durƙusa a layin gaba, ranar Litinin kuma su zo su sauke ƙararrawar cocin a narke ta a yi harsashi. Fada ya ce in bar shi ya ci abinci, shi ba rediyo ba ne.

Asabar, 2 Disamba

Yanzu tare muke wuni a kicin. Tana koya mini wani ɗanwake nasu mai ciki, ina koya mata tuƙin tuwo. Tana yarensu, ina Hausa, idan na gaji in koma yarenmu na C'lela, tunda duk ɗaya ne a wurinta. Miyar kuka dai ta ƙi ta.

Juma'a, 8 Disamba

Filimon ya iso. Ya yi baƙi, ya yi faɗi, kakin ya zauna masa kamar ubansa. Ko ruwa ban bari ya gama sha ba na ja shi gidan Fada.

Tana zaune a baranda tana tsince shinkafa. Yaron nan ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta dubi takalminsa. Ta ajiye tiren a hankali, ta shiga ɗaki, na ji ƙarar sakata.

Ɗana. A gabana. Wallahi da ba uwar Fada ba ce, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba, ko da ba za ta gane ba.

Lahadi, 10 Disamba

Na fito wa Fada a fili, na gaya masa abin da nake so. Ya shiga ya daɗe. Ya fito ya ce ba ta da komai da yaron, tana ma yi masa addu'a, amma hannunta ba zai iya tashi a kan kaki ba. Ta gwada a ranta, ya ƙi.

Filimon ya ce, "Mama, ai sai in sa wata riga." Na ce bai isa ba. Kakansa da kakin nan ya je yaƙin Bama, ubansa da shi ya yi yaƙin basasa, yayansa a cikinsa ya mutu. Ba kayan sata ba ne da za a ɓoye. Da kakin zai tafi, da kakin za a sa masa albarka.

Ya ce ni da tsohuwar ba a san wadda ta fi taurin kai ba. Ran uku ga wata zai koma.

Asabar, 16 Disamba

Zumuntar mata sun yanka mata ankon Kirsimeti, ni zan ɗinka. Fada ya kawo ta gidana a gwada ta. Filimon da ya ji motar sai ya zame ta baya ya tafi gona, don kada ya ɓata mata rai. Yaron ya fi ni hankali.

Tana shiga ɗaki ta ga keken ɗinkina, ta tsaya cak. Ta shafa shi tun daga kai har gindi, ta buɗe 'yar ƙofar ƙasa ta ciro kwalbar zare ba tare da ta duba ba. Ta zauna ta juya hannun, ta ɗinke bakin zani tsaf, layi miƙe kamar an ja da rula. Fuskarta ta koma ta yarinya. Ta yi ta zuba, Fada yana bi da ƙyar. Irinsa sak uwarta take da shi, baƙi mai zanen zinariya. Da shi ta ciyar da su bayan an tafi da uban, tana juya tsofaffin riguna tana karɓar dankali. Shekara ta uku sojoji suka zo bincike suka ɗauke shi.

Sai ta tambaya inda na sami nawa.

Na gyara tsayuwa na ce, "Maigidana ne ya kawo mini tsaraba daga yaƙi."

Tun ina amarya nake faɗin maganar nan. Duk Zuru an san labarin. Mika bai gama golmo, noman neman aure, a gonar babana ba ya gudu soja, samarin da suka yi shekarunsu cif suna noman surukai suna yi masa dariya. Da aka gama yaƙin basasa sai ga shi da keke a ka, ya dire a tsakar gidanmu, babana ya ce wannan ya biya sauran shekarun. Da keken nan na yi wa 'ya'ya shida kayan makaranta, na riƙe gida lokacin da fansho ya maƙale. Kullum da alfahari nake faɗa.

Fada bai fassara nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa. A cikin wannan ɗan shirun na ji maganar tawa da kunnen wata.

Ya dai faɗa mata. Ta gyaɗa kai. Ba ta ɓata fuska ba, ba ta tashi ba. Ta nemi mai, ta ɗiga a duk inda ya kamata, ta goge da gefen ɗankwalinta, ta ce a gaya mini na riƙe shi da kyau.

Da ta zage ni da na san abin da zan yi.

Litinin, 18 Disamba

Ban taɓa tambayar Mika inda ya samo keken ba. Ko sau ɗaya. Shi ma bai taɓa faɗa ba. Wataƙila saya ya yi. Sojoji suna da kuɗi lokacin, mutane kuma suna sayar da komai don gishiri. To ko da saya ya yi ɗin.

Laraba, 20 Disamba

Na je shagon Ebere sayen zare. Shekara ashirin muna ciniki, ta riƙe mini jaka a zaman makokin Ishaya, amma ban taɓa yi mata zancen yaƙin basasa ba. Yau bakina ya suɓuce, na tambaye ta ko tana tuna lokacin da sojoji suka shiga garinsu.

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce tana ƙarama. Sun yi wata da watanni a daji, da suka dawo sojoji ne a makarantarsu, sai da takarda ake zuwa rafi. Wani kofur yana ba ta biskit kullum, har yau tana tuna fuskarsa. Gidansu kuwa ko ƙofa ba a bari ba, agogon bango, tukwane, keken hawan babanta, duk sun yi ƙafa.

Na ce, keken ɗinki fa?

Ta ce, "Mu ba mu da shi. Matar katikis na cocinmu ce mai shi a garinmu." Ta jawo kwalin zare. "Ya wuce, Maman Fili. Wane launi kike so?"

Na sayi baƙi, alhali kore na je nema.

Lahadi, 24 Disamba

Ankon da hannu na ƙarasa shi, wai don ya fi kyau a wuya.

Ta dafa abincin jajibiri irin nasu, ta ce lallai in zauna a tebur. Na ga faranti ɗaya ya yi yawa, na kai hannu zan ɗauke, ta buge mini hannu. Fada ya ce al'adarsu ce, ana barin wuri ɗaya saboda baƙon da ba a zata ba, ko wanda ya tafi bai dawo ba. Uwarta har ta mutu tana ajiye wa babansu.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ta tambayi Fada, ya gaya mata labarin Ishaya, har da cewa ko gawarsa ba mu gani ba, akwatin kayansa kawai aka kawo. Ta daɗe tana kallona. Sai ta tura farantin ya dawo tsakanina da ita.

Talata, 2 Janairu 2007

Saƙo daga gidan Fada. Wai in kawo shi gobe kafin ya tafi tasha. Da kakinsa.

Laraba, 3 Janairu

Mun je. Ƙofarta a rufe. Filimon ya tsaya yana dubana, na ce ya buga mana. Ya tuɓe takalman nan a baranda, ba wanda ya sa shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kamar mai tsoron tashin jariri. Ita da kanta ta buɗe.

Ta zauna, ya durƙusa, Fada yana tsaye yana fassara. Ta ce ranar da aka zo binciken nan, wani yaron soja ne ya shigo ɗakin kwana, bai kai Filimon ba, fuskarsa duk ƙuraje. Ya ɗaga bargon gado ya ga dutsen niƙa, da gari fari a kansa. Ita tana tsaye a lungu. Suka haɗa ido. Ya saki bargon, ya ɗaga murya ya ce wa na waje ba komai a nan. Da ya faɗi gaskiya da an tafi da uwarta. Kuma shi ɗin ne dai, da ya fito falo kofur ya nuna masa keken ɗinki, ya sunkuya ya ɗauka, uwarta tana riƙe da ƙafarsa.

"Har yau ban san ko addu'a zan yi masa ko tsinuwa ba," in ji ta. "Sai nake yin duka biyun. Kai ka yi ƙoƙari matar da za ta tuna da kai ta san wanne za ta yi."

Na zuba wa hannunta ido. Ya tashi ya tsaya a iska, har na ce a raina ya sake ƙi. Sai ta ɗora a kansa, ta yi masa alamar gicciye a goshi da babban yatsa, ta yi ta magana da yarensu. Fada bai fassara wannan ba, ni ma ban nema ba. Da ta gama ta ciro hankicin burodin nan ta cusa masa a aljihun kaki, ta maɓalle da kanta.

Na sami abin da nake so. Na yi zaton zan ji kamar an sauke mini kaya, na ji ɗin, amma ba duka ba.

A tasha mota ta cika, ya leƙo ta taga yana dariya, ya yi tambayar da kowane ɗan gidan nan yake yi. "Mama, me zan kawo miki?" Ubansa na ce masa atamfa da ya tafi Labanan. Ishaya ta waya na ce masa rediyo.

Na ce, "Kada ka kawo mini komai. Ko allura."

Ya ce ko ɗan turare? Na ce ya ji abin da na faɗa.

Alhamis, 18 Janairu

Ta tafi shekaranjiya. Ta sa ankon har cikin mota. Baba Ladan ya zo sallama da farar riga da hular saƙa, ya kawo mata zabi biyu, ta sumbace shi a kumatu, tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Kicin ya yi shiru. Na kama kaina ina ninke buhu a ƙarƙashin dutse, ni kaɗai.

Filimon ya bugo, sun sauka lafiya. Wai zafi da yashi, mutanen kuma ba sa kallon soja a ido.

Magdalene ta kawo kayan makarantar jikokinta, na ce ta kai wa Jabiru tela. Idona ne ba ya ganin ramin allura sosai kwanan nan, ba wani abu ba. Keken yana nan, na goge shi na sa mai yadda ta nuna.

Akwai wani wuri a jikinsa, gefen hagu, inda fenti ya cinye har ƙarfe ya fito, daidai inda ake dafa hannu a tura yadi. Haka ya zo da shi. Da can ina cewa daga kamfani ne. Yau na ɗora hannuna a kai. Hannun mai shi ta farko ya fi nawa ƙanƙanta.

Na rufe shi da sabon zanina na Kirsimeti. Saboda ƙura ne kawai.